Labarin Alhaji Alhassan Ɗantata Da Asalin Gine-ginen Bakin Tasha

Wannan labarin Alhaji Alhassan Ɗantata ne, attajirin Kano, wanda aka haifa a Bebeji cikin shekara ta 1877, watau wajen 1294 ta Hijira, ya rasu a Kano cikin 1955. Sunansa dai ko yaro mai tallan goro a Ƙofar Wambai ya san shi. Abin da ya sa aka tayar da labarin shi ne, garin nan da ke gabas da ganuwa, watau Tasha da Fagge ta Kudu da Sabon Gari, a cikin kwanakin mutumin nan ya tsiro, a kan idonsa, kuma da hannunsa a ciki. Duk mai neman ya san inda aka fara kafa kanti, ko inda aka fara rataya sikeli, ko filin da aka fara tsiba buhunan gyaɗa, lalle ne ya bi sawun Alhassan da tsararrakinsa.

Birni ya yi sa'a, yana da littafinsa. Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya jero sarakuna tun daga Bagauda har Sarki Muhammadu Bello, ya faɗi wanda ya faɗaɗa ganuwa, da wanda ya kafa kasuwar Kurmi, da wanda ya gina gidan sarauta. Waje bai sami wannan gata ba. Takardun Turawan mulki sun ƙidaya fuloti da kuɗin haya, amma ba su kula da wanda ya fara kwana a wurin ba. Abin da ya saura sai bakin tsofaffi.

Alhassan Ba'agale ne. Agalawa kuwa asalinsu daga wajen Azbin yake, suka zauna ƙasar Katsina da ta Kano, suka shahara da fataucin Gwanja tare da Tokarawa da Kambarin Barebari. Kakansa, Baba Talatin, shi ya taso da iyali daga ƙasar Katsina zuwa Madobi, mahaifinsa Abdullahi kuma ya koma Bebeji, domin garin yana bisa hanyar ayari. Abdullahi ya rasu wajen 1885, Alhassan yana ɗan shekara takwas, magada suna da yawa, abin da ya faɗo masa na gado bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma mai fatauci ce da kanta. Bayan takaba sai ta tafi Ankara, can bakin teku a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata.

Wurin nan ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya. Gidan da ya fi kowane gida na attajirai suna a ƙasar Hausa, ba da sunan madugun da ya haifi mai gidan ake kiransa ba, ko da sunan kakan da ya yi ƙaura. Da sunan baiwa ake kiransa, wadda ba a san garinsu ba a littafi, ba a san iyayenta ba. Ita ta ciyar da yaron, ita ta kai shi makarantar allo, kuma zuriyarsa sun ruwaito ita ta koya masa tattali, ta sama masa asusu yana jefa 'yan wurin da ya samu a ciki. Ya yi almajirci irin na zamaninsa, da bara da aikatau. Da ya kai wajen shekara 15 sai ya bi ayarin Gwanja don ya ga mahaifiyarsa. Ita kuwa ba ta shagwaɓa shi ba, ta miƙa shi ga wani malami, ya ɗan zauna, sa'an nan ya komo Bebeji.

Fataken yanzu, masu ɗora huhu a mota da dare su wayi gari a wata jiha, ba za su gane wuyar hanyar nan ba sai an zayyana musu. Ayari yakan tashi da rani da jakuna ɗaruruwa, ɗauke da kanwa da turkuɗi da baƙin Kura da jar fata da gabu, madugu yana shugabanci, jagaba yana gaba yana neman zango. A ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu inda 'yan fashi ke kwanto, kowane sarki aka bi ta ƙasarsa a biya fito, har a kai Salga. Komowa ta fi tafiya wuya, gama goro abu ne mai rai. Sai an kwance shi a kai a kai, a yayyafa ruwa, a tsince wanda sankara ta kama, a sake ganyen fita a ɗaure. Tafiya da komowa takan ci wata shida, wani sa'i shekara guda. A makarantar nan Alhassan ya koyi lissafi, da sanin mutane, da sanin wanda za a ba bashi a kwana da barci.

Cikin 1893 Sarki Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fita Takai tare da Yusufu. Yaƙin Basasa ke nan. Yusufu ya rasu a hanya, Alu ya karɓi jama'a ya shiga Kano a 1894, Tukur ya rasa ransa a 1895. Agalawa da yawa suna bayan Tukur, saboda haka wutar ta ci su. Bisa ga abin da aka ruwaito a gidan, an kama Alhassan da 'yan'uwansa aka bautar da su, sai da fansa ya kuɓuta. Yaron da baiwa ta raina, ga shi shi ma ya ɗanɗana bauta tun bai cika shekara 20 ba.

Da ƙura ta lafa ya koma fatauci, amma duniyar goro ta riga ta juya. Salga ta lalace da nata basasa a 1892, Turawan Ingila sun karya mulkin Asante, goro ya fara bin teku. Alhassan yana cikin waɗanda suka gane haka da wuri. Ya riƙa bi ta Badun zuwa Ikko, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ankara da Sakandi, ya hau zuwa Kumasi, ya komo da goro ta ruwa, yana haɗawa da duwatsun wuya da tsakiya da yadin Turawa. Abin da ayari ke yi sau ɗaya a shekara, shi yana yinsa sau da yawa. A cikin shekarun nan ne rundunar Turawa ta taso daga Zariya, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, Gwamna Lugga ya naɗa Abbas.

Sai maganar jirgi. Gwamna Girouard, wanda ya gaji Lugga, gwanin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ne, ya riga ya yi irin aikin a Sudan. A zamaninsa aka fara hanya daga Baro, bakin Kwara, zuwa Kano, mil 356, da leburorin da aka ɗebo ta hannun sarakuna da hakimai, wasu da so, da yawa ba da so ba. Ƙarfe ya iso Kano cikin watan Maris 1911, daidai da 1329 ta Hijira, a 1912 aka haɗa shi da hanyar Ikko a Minna aka buɗe wa 'yan kasuwa. A Jabba kuwa sai da aka riƙa ƙetarar da taragu a kan jirgin fito, har aka gama gada a 1916. Tafiyar da ke cin fiye da wata guda a ƙasa ta koma 'yan kwanaki. A shekarar da ƙarfen ya iso kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus, fataucin Sahara da ya daɗe yana ciwo ya kwanta. Larabawan Dandalin Turawa, waɗanda su ne ma aka fara kira Turawa a Kano tun ba a ga Nasara ba, suka juya fuska daga arewa zuwa tasha.

Abin mamaki, ba don gyaɗa aka kawo jirgin ba. Auduga masu masaƙun Ingila ke nema. Amma masaƙan Kano da marinanta suna sayen auduga da tsada fiye da abin da Bature zai biya, manomi kuwa ba wawa ba ne. Gyaɗa tana shiga tsakanin gero, ba ta gajiyar da ƙasa, harawarta abincin dabbobi ce, in shekara ta ƙi a ci ta a rayu. Ga haraji an ce sai da kuɗin Turawa, wuri ya daina karɓuwa. Can Turai kuma an gano dabarar daskarar da man tsiro ya zama kamar man shanu, masana'antu suna neman gyaɗa ido rufe. Kamfanoni suka nemi manyan fataken Kano ta hannun Sarki Abbas da Adamu Jakada, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo suka karɓi jari, suka watsa yaransu ƙauyuka da gishiri da yadi da tsabar kuɗi. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1911 ba ta kai tan 2,000 ba. A 1913 ta haura tan 19,000. Da kakar 1912 buhuna suka cika tasha har suka rasa taragun da za su kwashe su, aka tsiba su a fili.

Alhassan ba ya cikin na farkon nan, kuma bai kamata a ba shi abin da ba nasa ba. Yana kan goronsa. Wajen 1914, shekarar yunwar da tsofaffi ke kira Kakalaba, ya taso daga Bebeji ya gina gida a Sarari, jikin Koki, wurin da sa'an nan fili ne fetal, kamar yadda sunan ya nuna. Sai a 1918 Kamfanin Neja ya neme shi ya saya masa gyaɗa. Ya shigo a makare, amma ya shigo da abin da wasu ba su da shi: jarin kansa, da yaran da ya horar a hanyar goro, da haƙurin ɗaukar ƙaramar riba a kan kaya mai yawa. Kafin 1922 an riga an san ya wuce su Sharubutu.

Zaɓen Sarari yana da ma'ana ga mai neman tsofaffin gine-gine. Dokar zamanin ta raba mazauni. Bature ba ya kwana cikin birni, mutumin Sarki kuma ba a Bariki gidansa yake ba. Saboda haka cinikin gyaɗa ya kasance da ƙafa biyu. Ƙafa ɗaya tana bakin tasha, inda aka yanka wa kamfanoni fuloti, irin su Kamfanin Neja da Janhol da Ambursini da kamfanonin Faransa, suka yi kantuna da sito na kwano kusa da layin dogo don buhu ya fita daga sikeli ya faɗa tarago. Ɗaya ƙafar tana cikin ganuwa, a zaurukan ƙasa na Koki da Sarari, inda ake raba jari da ƙirga kuɗi da yanke wa kowane yaro ƙauyen da zai tafi. Tsakanin biyun jakuna da raƙuma da 'yan dako ke kai da kawowa ta Ƙofar Mazugal da Ƙofar Wambai da Ƙofar Mata. Wanda ya nemi asalin kasuwancin Waje a Waje kaɗai, rabin labari zai samu.

Fagge ta girmi jirgi nesa ba kusa ba. Ruwayar Kanawa ta kai ta har zamanin Rumfa, zango ce ta Buzaye, inda ayarin Azbin ke sauke gishirin Bilma da dabino, su sayi hatsi da tufafi su koma, fatomai suna saukar da baƙi suna yi musu dillanci. Da tasha ta kafu sai Fagge ta cika da wani irin baƙo, 'yan ci-rani da leburori da teloli, daga baya da direbobi. Kudu da ita aka yanka wa Kwara, watau mutanen Siriya da Labanan, da waɗansu Larabawa, suka gina kantunansu, ciniki a gaba, iyali a baya. Sunan Kantin Kwari daga nan ya fito. Kasuwar ta zama uwar kasuwannin yadi ta Afirka ta Yamma, amma girman nan shi ya cinye tsofaffin kantunan, aka rushe su ɗaya bayan ɗaya aka ta da benaye.

Sabon Gari kuwa a 1913 aka yanka shi, domin akawuna da ma'aikatan jirgi da masu sana'a da suka biyo ƙarfe daga Ikko da Saliyo da Gwalkwas. Farkon mazaunansa akwai Yarabawa da Nufawa, har da Hausawa masu yawa. Ibo sai daga baya suka yawaita, bayan hanyar gabas ta haɗu da ta arewa aka gama gadar Makurɗi a 1932. Turawa suka riƙe unguwar a hannunsu har 1940, sa'an nan suka miƙa ta ga En'e. Dokar garuruwa ta 1917 ta ce a bar fili yadi 440 ba gini tsakanin mazaunin Turawa da na baƙar fata, wai don sauro. Filayen nan duk an cike su, amma wanda ya san dokar zai gane dalilin da ya sa waɗansu unguwanni suka yi tazara a tsohuwar taswira.

Sunaye sukan riƙe abin da bango ya kasa riƙewa. Titin da ake kira Faransa Rod a Sabon Gari, mutane da yawa suna tsammani ƙasar Faransa ake nufi, alhali sunan wani tsohon akawu ne mutumin Gwalkwas, Mista France, wanda ya shugabanci unguwar a zamanin Turawa. Wapa ta Fagge, wadda ta yi suna da 'yan canji, ta samo sunanta daga ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, wadda Alhaji Mamuda ɗan Alhassan Ɗantata ya kafa a 1948 tare da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suna kai maniyyata ta mota zuwa Sudan. Matashin da ke ƙirga dala da riyal a wurin, da wuya ya san a tashar alhazai yake tsaye.

Yadda ake karɓar irin labarin nan daga tsofaffi ba baƙon abu ba ne ga malamai, gama kusan ilmin ruwaya ne. Akan tambayi mai magana, da idonsa ya gani ko ji ya yi, in ji ya yi daga wa. Tsoho ba ya ba da shekara da lamba. Zai ce kafin Kakalaba ne ko bayanta, ko shekarar Marisuwa, watau murar 1918, ko zuwan ɗan Sarkin Ingila da aka yi masa hawan daba a 1925, shekarar da jirgin sama ya fara sauka a Kano, ko kafin a kawo ruwan famfo daga Challawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Aikin mai bincike ne ya mai da waɗannan zuwa lissafi. Haka kuma tsoho ba ya ba da wuri da lambar fuloti. Zai ce gabas da wata kuka, ko jikin wata rijiya, ko bakin kududdufi. Kududdufi kuwa shaida ne mai ƙarfi, domin ba ya samuwa sai inda aka haƙi ƙasa aka yi gini kusa. Maganar mutum ɗaya ba ta isa. Sai an sami biyu ko uku waɗanda ba gida ɗaya suka fito ba, aka kai kowa wurin dabam ya nuna da sandarsa, sa'an nan a gwada da takardar safiyo in akwai. Kuma a yi hattara da jikan attajiri, domin kowane gida yana so a ce kakansa ne na fari.

An yi irin aikin nan a kan kari, ko da yake ba don gine-gine aka yi shi ba. Cikin shekarun 1960 wani Ba'amurke, Jan Hogendorn, ya zauna da tsofaffin Kano waɗanda suka ga kakar 1912 da idonsu, daga bakinsu ya fahimci cewa fataken Hausa ne suka ta da cinikin gyaɗa, ba umurnin Gwamna ba. A 1969 da 1970 Paul Lovejoy ya bi tsofaffin fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, yana ɗaukar maganarsu. Littattafan duka biyu a Zariya aka buga su, a 1978 da 1980. Daga baya masana 'yan ƙasa, irin su Abdulkarim Umar Ɗan'asabe, suka tattara tarihin attajiran Kano daga bakin iyalansu da barorinsu, kuma yawancin abin da aka sani na ƙuruciyar Alhassan ta wannan hanya ya zo. Sai dai tambayarsu a kan ciniki take, nawa aka saya, wa ya ba wa jari. Da an ƙara da cewa a taso a nuna wurin, da yanzu ana da taswirar Waje ta farko.

Ta wajen Sabon Gari asarar ta fi yawa. Rikicin watan Mayu 1953 ya auku ne a tsakaninsa da Fagge, aka yi hasarar rayuka da dukiya. Na 1966 ya kori dubban mutane zuwa kudu, cikinsu har da tsofaffin da aka haifa a unguwar, waɗansu ba su sake komowa ba, suka tafi da abin da ke kansu. Kasuwar ma gobara ta sha cinye ta, ta 2016 tana cikin mafi muni. Yau babu sauran mai rai wanda ya ga isowar jirgin fari. Ruwayar ta koma hannu na biyu da na uku, wajen 'ya'yan 'yan dako da jikokin fatomai da tsofaffin ma'aikatan reluwe. Gidan Ɗanhausa da ke Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna sa'ad da ya buɗe makarantar boko a 1909, ya tsira domin hukuma ta riƙe shi ta mai da shi gidan tarihi. Kantunan bakin tasha ba su sami mai riƙe su haka ba.

A koma ga mai labari. Cikin shekarun 1920 ya sauke farali, ta jirgin ruwa daga Ikko, a zamanin da yawancin alhazan ƙasar Hausa ke tafiya a ƙasa shekara da shekaru. Labarin da ya fi shahara a kansa shi ne na 1929, cewa ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ajiya a bankin Turawa na Kano, wanda yanzu ake kira First Bank, alhali attajiran zamanin a tukunya suke binne kuɗi, suna ƙyamar banki saboda tsoron riba. A shekarar nan ce kuma Kamfanin Neja ya haɗu da wani babban kamfani suka zama U.A.C., Alhassan ya zama babban mai saya musu. Nan da nan kasuwar duniya ta faɗi, farashin gyaɗa ya zube, ƙananan 'yan baranda da yawa suka karye. Shi ya tsaya, domin bai taɓa sakin goro ba, yana kuma taɓa shanu da hatsi da yadi.

Gaskiya ba ta ɓuya, tsarin nan na jari da bashi bai yi wa kowa daɗi ba. Kamfani ke yanka farashi, attajiri ya cire nasa, yaronsa ya cire nasa, mai sikeli ma wani sa'i ya taɓa, abin da ya isa ga manomi shi ne ragowa. Manomin da ya ci bashi da bazara, da kaka ba shi da bakin ciniki. Matan da suka ɓare gyaɗar nan a turmi, buhu dubu bisa dubu, ba a rubuta sunan ko ɗaya ba. Alhassan bai ƙago tsarin ba, kuma ba shi ya fi cin moriyarsa ba, kamfanonin Turai ne, amma a cikinsa dukiyarsa ta ginu. Abin da waɗanda suka zauna da shi suka haɗu a kai shi ne, mutum ne mai tsimi, ba ya almubazzaranci a ci ko a sutura, yakan ci abinci tare da yaransa, yana duba lissafinsa da kansa, kuma ya kafa makaranta a gidansa don 'ya'yansa su haɗa karatun addini da na zamani.

Da Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta karɓe sayen gyaɗa, a 1949 aka kafa hukumar cinikinta, a 1954 ta koma hannun Jihar Arewa. Hukuma ke ba da lasin saye, kuma da fari kusan duk a hannun Turawa da Kwara yake, sai a ƙarshen rayuwarsa Alhassan ya sami nasa, ya zama yana saye da sunan kansa. A shekarun nan ne dalar gyaɗa ta yi yawa, kuma dalilinta ba ado ba ne. Jirgi ya tsufa da wahalar yaƙi, kawuna da taragu sun yi kaɗan, gyaɗar bana takan tarar da ta bara ba a kwashe ba. Sai a share fili, a jera buhuna murabba'i, kowane sahu ya ɗan shige ciki, 'yan dako suna hawa da buhu a ka har a kai tsini, a lulluɓe da tamfol. Dala guda takan ci buhu wajen 15,000. Ana jingina dabarar ga Alhassan, kuma filin Ƙofar Mazugal, kusa da gidansa, yana cikin wuraren da aka fi tsiba su. Farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka kashe cinikin, kuɗin fetur ya ɗauke hankalin hukuma, a 1986 aka rushe hukumomin ciniki. Filayen suka zama gidaje da rumfuna. Dala ta koma hoto a bayan takardar naira 200 da aka fitar a shekara ta 2000.

Ya ga sarakunan Kano bakwai, daga Abdullahi Maje Karofi da aka haife shi a zamaninsa, da Bello da Tukur da Alu da Abbas da Usman, har Abdullahi Bayero, ya kuma riski na takwas, Muhammadu Sanusi. A ƙarshen kwanakinsa an sa shi cikin majalisar Sarki, abin da ba a saba yi wa ɗan kasuwa ba. Da ciwo ya tsananta ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya kada su raba kan gidan da cinikin. Ahmadu ya fara riƙewa, Sanusi ya yi nasa suna, Aminu ya daɗe a kai har ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina, Aliko Ɗangote kuma jikan Sanusi ne ta wajen uwa.

Alhassan ya rasu ran Laraba 17 ga Agusta 1955, ƙarshen watan Zulhajji na 1374, yana da shekara 78 a lissafin Turawa. Aka yi masa sutura aka binne shi a cikin gidansa na Sarari, filin da ya tarar ba kowa shekara 41 kafin nan. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Tata da ta raine shi. Tamat.